Waken Nomau da Wayar Badun

Da autarku Bilkisu ta kai ni wurin aikinta a Abuja, kamfanin nan na gwamnati mai kula da tauraron ɗan'adam, ta zaga da ni na ga manyan farantan da suka ɗaga fuska sama, ta kuma nuna mini ɗakin sanyi inda suke zaune suna tsaron tauraron da idonsu bai taɓa gani ba. Na yaba, don abin yabo ne. Sai ta tara abokan aikinta ta ce musu ga mahaifinta, mutumin da ya taɓa gano yadda kasuwar wake take a Badun daga gaisuwa kawai, ba tare da an faɗa masa farashi ba. Suka yi ta jinjina mini. Ban gyara mata ba, don ba a kwance wa 'ya zani a kasuwa. Amma labarin ba haka yake ba. Kuma yana da wutsiyar da ta fi damuna, wadda ake cewa wai kawunku Dogo tsoro ya ji ya gudu ya bar ni da kaya a tashar Funtua. Dogo ya riga mu gidan gaskiya, ba zai iya kare kansa ba. Saboda haka zan faɗa muku yadda aka yi, ku kuma ku faɗa wa 'ya'yansa.

Shekaru kaɗan ne bayan samun mulkin kai. Ni ban gaji komai ba sai ƙafa da baki. Da jaki na fara, ina bin ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Gozaki da Danja ina sayen hatsi mudu-mudu, har na kai ga ɗaukar hayar mota. Dogo abokina ne tun muna yara, daga baya na auri ƙanwarsa Rabi, uwarku. Shi mutum ne mai lissafi, ba ya taka inda bai gani ba. Ni kuma na san mutane, na san wanda zai sayar da wanda sai an sha ruwa a gidansa sau da yawa tukuna. Muka haɗa jari muna kai wake Ibadan, wadda mu 'yan kasuwa muke ce wa Badun. Jirgin ƙasa yana bi ta Funtua, a nan muke loda tarago. A Badun kuwa baƙo ba ya sauke kaya ya ce zai sayar da kansa, sai ta hannun fatoma, wato maigidan da zai ba ka masauki, ya ajiye kayanka a sitonsa, ya nemo masu saye, ya tsaya maka. Fatomanmu shi ne Alhaji Tanko, a unguwar Sabo. Asalinsa Bamaguje ne daga wani ƙauye a bayan Gozaki. Yana saurayi ya musulunta ya bi fataken shanu Kudu, bai sake komowa ba. Ƙanensa Nomau shi ya riƙe gidan ubansu da addinin ubansu, kuma shi ne Sarkin Noman yankin. Rabin waken da muke samu daga rumbunansa yake fitowa.

Nomau ba ya buɗe rumbu da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa. Wakensa a cuɗe yake da toka, an liƙe bakin rumbu da laka, yana nan har tsakiyar damina. Sai ya ga gero ya fitar da kai, ya tabbata gidansa ba zai kwana da yunwa ba, sannan ya aiko a kira ni. A shekarar da nake ba ku labari ya aiko, na je na same shi a gindin tsamiyar ƙofar gidansa yana gyara ƙotar fartanya.

“Ɗan masu salla, ka zo kwashe mini gumi?”

“Na zo rage maka nauyi, Sarkin Noma.”

“Ga giya can an tace yau. A kawo maka?”

“Sha rabona, na yafe maka.”

Ya yi dariya ya sa aka kawo mini fura, kamar kullum. Muka daidaita a kan wake, zan biya shi in na dawo, kamar yadda muka saba. 'Ya'yansa suka fasa laka suka fara sheƙe toka. Da na tashi tafiya sai ya raka ni har bakin gona, abin da bai taɓa yi ba.

“An ce a Funtua akwai ɗakin da mutum ke shiga ya yi magana da na Kudu.”

“Akwai. Wannan karon ma ta nan za mu tambayi kasuwa kafin mu loda.”

“Muryarsa za ka ji, ko wani ne zai faɗa maka abin da ya ce?”

“Muryarsa.”

Ya daɗe yana kallon gero. Sannan ya ce, “Kande ta tafi da bazara. Ita ce babbarmu, ita ta goya yayana Tanko. Ba na so ya ji a bakin direba a tasha, ba na so a rubuta a takarda baƙo ya karanta masa. Kai kana cin tuwonsa kana shan furata. Ka faɗa masa yadda ake faɗa.”

Na ce na ɗauka, ya ba ni labarin jinyarta da yadda aka binne ta. Ya ƙara da cewa in tuna wake in ya rabu da toka kwanansa kaɗan ne, ƙwaro ba ya jiran kowa.

Ku da kuka tashi da waya a aljihu ba za ku gane nauyin abin ba sai na bayyana. Kiran Badun a lokacin minti uku ne ake ba mutum, in ya cika a yanke, don wasu na jira a kan layin. Kuma ba a gaya wa dattijo mutuwar yayarsa kamar ana ba shi labarin ruwan sama. Sai an gaisa, an tambayi gida, an tambayi gajiya, a bar shi ya tambayi nasa, sannan a sassauta murya a kawo maganar a hankali. In an faɗa kuwa, bakin mutum ya rufu ke nan, babu mai cewa Allah ya jiƙanta sannan ya ce nawa ake sayar da buhu. Dogo ya gane wannan tun kafin in gama ba shi labari. Muna zaune a tsakar gidana da rana muna cin ɗanwake, uwarku tana bakin murhu tana jinmu.

“Abin mai sauƙi ne,” in ji Dogo. “Ka yi sallama, ka tambayi farashi, ya faɗa, sannan ka yi masa ta'aziyya da sauran lokacin. Kande ta mutu tun bazara. Minti ɗaya ba zai ƙara mata komai ba.”

“In ya gane ina riƙe da mutuwar a baki na tsaya cinikin wake fa?”

“Ɗan kasuwa ne, zai gane.”

Uwarku ta ce, ba ta ko juyo ba, “Yaya, in kai ne a Badun aka kira ka aka tambaye ka kuɗin wake, da ka gama faɗa aka ce af, Rabi fa ta mutu, yaya za ka ji?”

“Sai in ce Allah ya jiƙanta, na huta da baki.”

“Allah ya ba ka haƙuri, ina nan. Miƙo kwanon tunda ka ƙoshi da magana.”

Ya riƙe kwanonsa da hannu biyu. Muka yi dariya, maganar ta tsaya a nan ba a yanke komai ba. Ni dai a raina na ce in na shiga ɗakin zan ga yadda hali ya yi.

Muka kai kaya tashar Funtua aka jibge a rumfar kaya, muka nemi tarago, muka wuce gidan waya. Akawun da ke kula da tarho wani ne Malam Yohanna, mutumin wajen Zariya, mai haƙuri, kullum da fensir a bayan kunne. Ya rubuta sunanmu ya ce mu zauna. Alhaji Tanko ba shi da tarho a gida, amma maƙwabcinsa wani Bayarabe mai motoci yana da shi a shago, nan ake aikawa a kira shi. Malam Yohanna ya bayyana mana cewa magana ba tsalle take yi ta faɗa Badun ba. Sai ya roƙi na Zariya, na Zariya ya roƙi na Kaduna, haka har Kudu, kowane da mutum zaune yana haɗa waya da hannu. In ɗaya ya ce layi a cike yake, sai jira. In iska ta kayar da reshe a kan waya a wani daji, sai jira har a gano wurin. Damina ce. Muka yi ta zuwa muna komawa, mu zo da safe mu tashi da la'asar. Kowace rana in na biya ta rumfar kaya na cusa hannu cikin buhu, sai in ji ɗumi ya ƙaru, na kuma fara ganin farin gari a ƙasan buhunan da ke gindi. Ƙwaro ya farka.

A bencin jiran nan na fara jin labarin abin da Bilkisu take ci da shi yau. Muna zaune da wani dillalin shanu, da wata tsohuwa mai ɗa a soja, da wani mai sayen fata, sai Malam Yohanna ya leƙo ta tagarsa ya ce ya ji a rediyo Firayim Minista ya yi magana da shugaban Amurka, kuma ba ta waya ba. Wai wani tauraro ne da Turawa suka ƙera suka harba sama, magana ta tashi daga wani jirgin ruwa a Ikko ta doki tauraron ta sauka can.

“Me suka ce wa juna?” in ji dillalin shanu.

“An ce gaisawa suka yi, suka yi wa juna fatan alheri.”

“A hau har sama don gaisuwa?”

“Ai gwamnati ke biya,” in ji Dogo, yana kallona. “Wanda gwamnati ke biya wa sai ya tambayi har lafiyar kaji.”

Tsohuwar ta ce ita dai in tauraron zai kai ta ga ɗanta a yau, a rubuta sunanta. Malam Yohanna ya ce wata rana za a daina kafa turakun waya, kowa ta sama zai yi magana, ruwa da iska ba za su hana ba. Mai fata ya tambaya in abin ya gaji ya faɗo a gonar mutum, wa zai biya dawar. Babu wanda ya yarda da Malam Yohanna a bencin nan, har da ni. Na ɗauka irin maganar da akawu ke yi ce don masu jira su daina harararsa.

Ranar da layi ya samu, da safenta shugaban tasha ya ce mana taragonmu na jirgin kayan gobe ne, in ba mu loda ba zai ba wani, kuma bai san ranar da za a sake samu ba. Akwai kuma wani ɗan kasuwar Zariya da ke zagaya buhunanmu yana tayi, zai kwashe duka nan take, riba kaɗan amma a hannu. Da hantsi Malam Yohanna ya buga taga ya ce Badun, Badun, maza. Na shiga ɗan ɗakin katako, Dogo ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ta a buɗe. Na ɗora abin a kunne, sai shuu kamar ana ruwa a kan kwano, daga can ƙasan rijiya kuma na ji muryar Alhaji. Dole mutum ya ɗaga murya, don haka duk bencin suna jin rabona na maganar.

“Salamu alaikum, Baba Alhaji. Iro ne, daga Funtua.”

“Iro? Ikon Allah. Kai ne kamar kana zaure. Ina kwana? Ina gajiya?”

“Babu gajiya, ranka ya daɗe. Ina iyali? Yaya kasuwa?”

“Kasuwa sai godiya. Muna nan zaune dai. Yara sun share sito suna ta dara a ƙasa tun safe, har kaji sun mai da shi gidansu. Yaya ruwa a wajenku? Gero ya yi?”

“Ya yi kyau, Baba, ya fitar da kai.”

Dogo yana murza yatsu a gaban fuskata, yana motsa baki ba sauti: nawa, nawa. Na ɗaga masa hannu. Ina neman inda zan soka tambayar, don a lokacin ban fid da rai ba. Amma dattijo ne ke jan gaisuwa, yaro amsawa yake yi. Kuma mutumin nan rabonsa da jin muryar gida kai tsaye, a ranar da ake maganar, tun kafin a haife ni. Ya tambayi Nomau. Ya tambayi tsamiyar ƙofar gida ko tana nan. Ya tambayi rafin da ke bayan gonarsu ko ya kawo ruwa bana. Ina amsawa ina jin lokaci na zuba. Na buɗe baki zan ce Baba, wake fa, sai ya ce:

“Kande fa? Ƙafar tata ta yi sauƙi?”

A nan hanya ta rabu biyu, kuma na gan su duka sarai. Ina iya cewa da sauƙi, in tambayi abin da ya kawo ni, in gyara daga baya. Ba wanda zai ji a bencin ya zarge ni. Amma da bakina na ce wa Nomau na ɗauka.

“Baba, Sarkin Noma ne ya aiko ni gare ka. Ya ce in gaishe ka, in ce ka yi haƙuri. Jikin Inna Kande ya yi tsanani da bazara. An yi abin da za a iya.”

Shuu ɗin nan ya cika mini kunne, sannan muryarsa ta dawo.

“Ta tafi ke nan.”

“Ta tafi, Baba. A ɗakinta, Nomau na riƙe da ita. Ya ce ba ya so ka ji a bakin baƙo.”

Na ji ya yi salati a hankali. Sannan ya ce, “Ita ta goya ni, Iro.” Na ce Allah ya ba shi haƙuri. Ya fara cewa in gaya wa Nomau wani abu, sai ƙit, murya ta ɗauke. Malam Yohanna ya ce lokaci ya cika, kuma Kaduna ta karɓe layin. Bencin nan babu mai motsi. Tsohuwa mai ɗa a soja tana share ido da bakin mayafi. Dogo ya saki ƙofa ya fita.

Muka roƙi a sake rubuta mu, aka rubuta. Kafin azahar hadari ya haɗo daga gabas aka yi ruwa da iska, Malam Yohanna ya ce waya ta mutu gaba ɗaya, har ta tangarahu mai kai saƙo a rubuce. Na sami Dogo a rumfar kaya zaune a kan buhu. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne. Na ce masa ai mun sami amsa. Sito a share, 'yan dako suna dara, kaji na kwana a ciki, a tsakiyar damina. Fatoma kamar Alhaji Tanko sitonsa ba ya zama fanko sai in babu wake a Badun. In muka isa yanzu mu ne za mu faɗi farashi.

“Ya ce maka babu wake?”

“Bai ce ba. Amma na ji.”

“Ni ban ji ba. Na ji kaji, na ji dara. Iro, jarin nan da gonar ubana a ciki. Ba zan ɗora ta a jirgi saboda kaji ba.”

“Ba Zariya za ta ba mu abin da Badun za ta ba mu ba.”

“Zariya tana nan tsaye da hula, ina ganinta. Ban ce ka yi laifi a ɗakin can ba. Da ni ne ma ban san abin da zan yi ba. Amma ban ji farashi ba, kuma ba na tafiya a duhu.”

Muka raba kaya a wurin, buhu nan buhu can, babu ɗaga murya. Na ce waken Nomau ya faɗo a rabona tunda ni na ɗauko shi da bakina, ya yarda. Ya sayar wa mutumin Zariya nasa kafin la'asar. Washegari da aka jawo tarago, 'yan dako suka yi ƙaranci don ana sauke siminti, Dogo ya tuɓe riga ya sa kafaɗa muka loda tare har buhu na ƙarshe. Shi ya nemo wani ɗan kasuwa mai barkono ya cike gurbin da ya bari don kada hayar tarago ta karya ni. Da jirgi zai tashi ya miƙo mini ƙunshin ƙuliƙuli ya ce in ga kajin in gaishe su. Wannan shi ne gudun da aka ce ya yi.

Na isa Badun bayan kwanaki, da zuciyata cike da lissafin riba. Tun daga bakin Sabo na ga abin da ban zata ba. Kowane sito na leƙa wake ne har rufi, na Kano, na wajen Gusau, an jera. Na dake na wuce gidan Alhaji, na same shi a zaure ana ta shigowa yi masa gaisuwa. Na zauna cikin masu ta'aziyya, ban ce uffan a kan kaya ba sai da ya sallami mutane ya kira ni ciki. Ya sa na sake ba shi labarin Kande tun daga farko, da wanda ya zo, da inda aka sa ta. Da na gama ya tambayi abin da na kawo, na faɗa. Ya dube ni.

“Wake? A wannan cikar? Wa ya ce ka taho?”

Na gaya masa gaskiya, yadda na ji sito a share da dara da kaji, da abin da na fahimta. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Matarsa ta leƙo don rabon da a ji dariyarsa tun ranar wayar.

“Rufin ne ya yi yoyo, Iro. Muka kwashe kaya muka kai siton maƙwabci, muna jiran kafinta. Kai kuma ka ɗauki yoyon rufina ka loda tarago.”

“Haka na yi, Baba.”

“Me ya hana ka tambaya? Da na ce ka tsaya.”

“Ka riga ni tambaya.”

Ya daina dariya. Ya jima yana jan carbi. Sannan ya tambaya ko a cikin kayan akwai na gidansu, na ce mafi yawa na Nomau ne. Ya sa aka kwance buhu ɗaya aka kawo masa a faifai. Ya ɗiba ya shinshina, akwai sauran ƙanshin toka. Ya ce irin da uwarsu ke ajiyewa ne, ja mai ƙaramin ido.

Washegari ya sa babbar riga ya ce in biyo shi. Yaransa suka yi ta kallo, don ya daɗe da daina zuwa kasuwa da ƙafarsa, aike yake yi. Ya je wurin shugabar matan da ke sayen wake, wata Iya mai jiki, ya zauna a kan benci suka yi ta Yarabanci ban ji ko ɗaya ba, sai dai na ga ta dafa ƙirji ta rusuna masa. Daga baya ya ce mini ya gaya mata waken gonar ubansa ne, kuma na zaman makokin yayarsa ne, ba ya so ya kwana a sito. Matan nan suka bar na Kano da na Gusau suka fara da nawa. Farashin kasuwa suka saya, ba su ƙara ko anini ba, kuma abin da ƙwaro ya ci ya ci. Da na cire haya da dako da ladan fatoma, na tsira da uwar kuɗi da ɗan abin da ba a rasa ba. Ku rubuta wannan ku ajiye: a tafiyar nan Dogo ya fi ni riba.

Abin da na samu daban ne. Daga shekarar Alhaji ya daina ɗaukata baƙo cikin baƙi. In kasuwa za ta tashi shi ke sa a neme ni, in za ta faɗi ya ce in zauna. A kan wannan na gina duk abin da kuka tashi kuka gani.

Da na dawo Malumfashi na tarar labari ya riga ni. Mutanen bencin gidan waya sun baza cewa Iro bai tambayi farashi ba amma ya loda, ga shi ya sayar da kayansa tas cikin kwana kaɗan alhali wasu na can zaune. Aka ce ina jin kasuwa a cikin gaisuwa. Na tafi wurin Dogo na faɗa masa komai, har yoyon rufi. Ya yi dariya har ya kwanta a tabarma, ya tashi ya sha ruwa ya sake. Na ce gobe a kasuwa zan faɗa wa mutane, don na ji abin da ake cewa a kansa.

“Kul. Manomi ya fi son ba da kaya ga wanda ake ce yana da sa'a. Bar su.”

“Ana ce maka matsoraci.”

“Matsoraci da gonarsa. Ka ciyar mini da ƙanwa, shi ke nan.”

Na ce to mu koma yadda muke, kaka na tafe. Ya girgiza kai. Ya ce ni da hanci nake ciniki, shi da ido, in muka ci gaba da tarago ɗaya wata rana za mu ɓata, kuma ba ya so Rabi ta rasa inda za ta kai kuka. Ya buɗe rumfar hatsi a kasuwar Malumfashi, a nan ya tsufa, bai taɓa yin asarar da ta hana shi barci ba. Na yi kewarsa a kowace tafiya, don babu wanda ya sake ce mini a'a kamar yadda yake ce mini. Zumuncinmu kuwa bai taɓa girgiza ba, shi ya yanka ragon sunan yawancinku.

Saura Nomau. Na hau keke na tafi Gozaki da kuɗinsa a lalita, da goro da turmin farin yadi da Alhaji ya ba ni in kai, da saƙon da waya ta yanke. Gero ya nuna an fara yanka. Na same shi a gindin tsamiya. Wannan karon bai yi mini tsiyar giya ba, ya nuna mini wuri kusa da shi. Na miƙa lalita, ya tura ta ƙarƙashin cinya bai kwance ba. Ya tambaya ko yayansa ya yi furfura. Ya tambaya ko har yanzu yana ɗingishi da ƙafar da gatari ya sara suna yara. Ya tambayi abin da yake ci a can, da ko 'ya'yansa na jin Hausa. Na ce Alhaji ya ce a gaya masa ya kyauta da ya riƙe Kande har ƙarshe, ya ce yadin na matan da suka yi jinyarta ne, kuma ya ce kada a sare tsamiyar nan ko ta tsufa. Nomau ya ɗaga kai ya dubi rassan. Matan gidan suka taru a bakin danga suna saurare, kowace na tambaya ko ya ambace ta. Har rana ta karkata muna nan.

Sai ya kira babban ɗansa ya nuna rumbun da ke can ƙurya, wanda ban taɓa ganin an taɓa ba tun da nake zuwa gidan.

“Ku fasa masa wancan.”

Na ce, “Sarkin Noma, ba ka ko tambayi yadda na farkon ya ƙare ba.”

“Wake ai wake ne. Zauna. Sake faɗa mini abin da ya ce da ka ambaci Kande.”